Humphry Davy, masanin da ya gano ƙanƙarar da ke kulle iska a cikinta

An haifi Humphry Davy a Penzance, kudu maso yammacin Ingila, ranar 17 ga Disamba, 1778. Mahaifinsa masassaƙi ne. Bayan rasuwarsa a 1794 aka kai yaron koyon aiki wurin wani likita mai haɗa magunguna, inda ya koya wa kansa ilimin sinadarai. Bai yi karatun jami'a ba, amma a 1801 cibiyar Royal Institution ta Landan ta ɗauke shi, laccocinsa suka riƙa cika maƙil.

A 1810 ya tabbatar da cewa kulorin, iskar da ake tsabtace ruwan famfo da ita a yau, sinadari ce mai zaman kanta, kuma shi ya raɗa mata suna. Cikin wannan binciken ya warware wani kuskure. Masana sun ɗauka sanyi ke daskarar da kulorin ta zama ƙanƙara. Davy ya nuna busasshiyar iskar ba ta daskare ba a sanyin da ya gwada; sai ta gamu da ruwa ƙanƙarar ke fitowa, tun sanyin bai kai na daskarar da ruwa zalla ba.

Dalilin ya ɓuya fiye da ƙarni guda. Ashe ƙwayoyin ruwa ne ke sarƙewa su gina keji, ƙwayar iskar na ciki kamar kanari, a tsare amma ba ta haɗe da su ba. Sai a 1948 Herbert Powell na Jami'ar Okusfod ya kira irin wannan gini kilatiret, daga kalmar Latin mai nufin shingen sanduna.

Jama'a sun fi saninsa da fitilar da ya ƙera a 1815 don kada iskar metan ta kama da wuta a ramukan kwal. Abin mamaki, wannan metan ɗin ce aka gano jibge cikin irin wannan keji a ƙarƙashin teku, har da gaɓar Neja Delta, kuma ita ke toshe bututun gas idan sanyi da matsi suka haɗu.

Halinsa bai kai basirarsa ba. Yaronsa Michael Faraday ne ya auna ruwan da ke cikin ƙanƙarar a 1823, amma Davy, yana shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society, ya yi adawa da shigar da shi cikinta. Duk da haka aka zaɓi Faraday a 1824. Shanyewar ɓarin jiki ta kama Davy, ya rasu a Janiba ranar 29 ga Mayu, 1829, yana da shekara 50.