Vivian Bullwinkel, Jami'ar Jinyar da Ta Tsira Daga Kisan Gillar Tsibirin Bangka

A ranar 16 ga watan Fabrairun 1942, sojojin Japan suka tisa ƙeyar jami'an jinya mata 22 na rundunar sojan Ostireliya zuwa cikin teku a gaɓar tsibirin Bangka, wanda yanzu yake cikin ƙasar Indunusiya, sannan suka buɗe musu wuta ta baya. Guda ɗaya tak ta tsira da ranta, wato Vivian Bullwinkel, kuma ta bakinta ne duniya ta ji abin da ya auku a wannan rana.

An haifi Vivian ranar 18 ga watan Disambar 1915 a garin Kapunda da ke kudancin Ostireliya. Ta koyi aikin jinya da na ungozoma a garin Broken Hill. A 1941, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, ta nemi shiga rundunar sojan sama ba ta samu ba, sai ta shiga sashen jinya na sojan ƙasa. A watan Satumba aka tura ta Singafo, daga can ta wuce asibitin soja a Malaya.

A watan Disamba Japan ta afka wa Malaya, asibitin ya koma Singafo. Da ta tabbata birnin zai faɗi, sai ranar 12 ga Fabrairun 1942 aka kwashe jami'an jinya 65 tare da fararen hula a jirgin ruwan Vyner Brooke. Bayan kwana biyu jiragen saman Japan suka nutsar da shi, 12 daga cikin jami'an jinyar suka ɓace a teku. Vivian da abokan aikinta 21 suka kai gaɓar Bangka, inda suka shiga kula da waɗanda suka ji rauni, har aka yanke shawarar miƙa wuya.

Sojojin Japan da suka iso sun fara kashe mazan da ke wurin, kana suka juya kan matan. Harsashi ya ratsa Vivian ta saman ƙugu ya fita, sai ta kwanta a ruwa tamkar gawa har maharan suka tafi. Ta ɓuya a daji na kwana 12 tare da wani sojan Birtaniya mai suna Kingsley, wanda ta yi jinyarsa. Da yunwa da ciwo suka ci ƙarfinsu, suka miƙa kansu. Ba a jima ba Kingsley ya mutu.

Shekara uku da rabi ta yi tsare a sansanonin Muntok da Palembang da wasu wurare na Sumatra. Ta riƙa rataya gorar ruwa don rufe ramin da harsashi ya yi wa rigarta, abokan aikinta da ta tarar a can kuwa suka rufa mata asiri, domin da masu gadi sun gane akwai shaida a raye, da ba za su bar ta ba. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro da atuni suka hallaka takwas daga cikinsu. A watan Satumban 1945 aka sako su, 24 kaɗai daga cikin 65 suka koma gida.

A 1946 ta ba da shaida a kotun shari'ar laifukan yaƙi ta Tokyo. A 1947 ta bar aikin soja, kuma a shekarar aka ba ta lambar yabo ta Florence Nightingale. Daga bisani ta shugabanci sashen jinya na asibitin Fairfield na masu cututtuka masu yaɗuwa a Melbourne, ta kuma dage wajen ganin ba a manta da abokan aikinta ba. Bayan kimanin shekara 50 ta koma Bangka don buɗe dutsen tunawa da su.

Ta rasu a birnin Perth ranar 3 ga watan Yulin 2000 tana da shekara 84. A 2019 masaniyar tarihi Lynette Silver ta gabatar da hujjojin da ke nuna cewa an yi wa matan fyaɗe kafin a kashe su, kuma hukumomi sun hana Vivian faɗin hakan a Tokyo. A 2023 aka kafa mutum-mutuminta a harabar gidan tunawa da yaƙi na Ostireliya da ke Canberra.