Sir George Goldie (1846–1925): Ɗan Kasuwar da Ya Share wa Mulkin Mallakar Birtaniya Hanya a Kogin Kwara

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sir George Goldie, Baturen Birtaniya da ya kafa kamfanin Royal Niger Company, wanda ya riƙe iko da kogunan Kwara da Binuwai daga 1886 zuwa ƙarshen 1899. An duba asalinsa, da dabarun da ya bi ya tattara cinikin kogin a hannu ɗaya, da yarjeniyoyin da wakilansa suka ƙulla da Sakkwato da Gwandu, da kuma yadda gwamnatin Birtaniya ta karɓe ikon daga hannunsa. Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin kamfanin a ƙasar Hausa ya fi yawa a kan takarda, amma takardun ne aka yi hujja da su a Turai wajen shata iyakar da ta raba Hausawa gida biyu.

Fitilun Kalmomi: Goldie, kogin Kwara, Daular Sakkwato, babakere, mulkin mallaka

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar zuwan Turawa ƙasar Hausa, sunan Gwamna Lugga ne ke fara faɗowa a baki, domin shi ne ya jagoranci cin Kano da Sakkwato a 1903. Sai dai Lugga gado ya tarar. Shekara ashirin da ɗoriya kafin haka, wani ɗan kasuwa ya riga ya kafa harsashin iƙirarin da Birtaniya ta yi a kan wannan ƙasa. Bai taɓa riƙe muƙamin gwamna a ƙarƙashin Ofishin Mulkin Mallaka ba, kuma da gangan ya lalata takardunsa, ya hana iyalinsa taimaka wa mai neman rubuta tarihinsa. Wannan ya sa sai a 1960 aka sami cikakken nazari a kansa, wanda John Flint ya wallafa. Sanin rayuwar mutumin yana buɗe ƙofar fahimtar wani salo na faɗaɗa daular Birtaniya, inda gwamnati ke ba kamfani izinin mulki don ta kauce wa kashe kuɗin baitulmali.

2.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi George Dashwood Goldie Taubman ranar 20 ga Mayu, 1846, a kusa da garin Douglas da ke tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayaland. Gidansu gidan dukiya ne da faɗa-a-ji, domin mahaifinsa ya shugabanci majalisar dokokin tsibirin. Ya yi karatu a makarantar horar da hafsoshi ta Woolwich, ya shiga rundunar injiniyoyin soja, amma bai wuce kimanin shekara biyu ba ya ajiye aikin. Daga nan ya nufi Masar da Sudan, ya shafe wasu shekaru a can, ya koyi Larabci, ya kuma duƙufa karanta labarin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci Kano da Katsina da Sakkwato a shekarun 1850. Ta wannan hanya ce ya fara sanin girman kasuwannin ƙasar Hausa tun bai taɓa ganin kogin Kwara ba.

Bayan komawarsa gida ya gudu zuwa birnin Paris da Matilda Elliot, malamar da ke koyar da yaran gidansu. Yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ya rutsa da su a can, daga baya suka koma Ingila a matsayin mata da miji. Har ya doshi shekara talatin babu wata sana'a da aka san shi da ita.

3.0 Shiga Cinikin Kogin Kwara

A 1875 danginsa suka sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Holland Jacques, wanda ke ciniki a Kwara kuma yake gab da durƙushewa, suka ɗora masa alhakin farfaɗo da shi. A 1877 ya kai ziyararsa ta farko kogin. Abin da ya tarar shi ne kamfanonin Birtaniya huɗu suna gogayya wajen sayen manja da hauren giwa da man kaɗanya, suna biya da yadi da gishiri da barasa da bindigogi da albarushi. Gogayyar ta zama alheri ga 'yan ƙasa, domin dillalan bakin teku da sarakuna irin su Etsu Nupe suna zaɓar wanda ya fi tayi mai tsoka. Goldie ya fahimci cewa muddin masu saye suna da yawa, mai kaya ne zai yanke farashi.

Maganin da ya kawo shi ne haɗaka. A 1879 ya shawo kan sauran kamfanonin, na Glasgow da Manchester da Liverpool, suka dunƙule suka zama United African Company. Ba a jima ba kamfanonin Faransa suka shigo kogin, suna da goyon bayan gwamnatinsu. A 1882 ya sake fasalin kamfaninsa da sunan National African Company, aka ɗaga jarinsa zuwa fam miliyan ɗaya, sannan ya shiga yaƙin farashi da Faransawa. Ya yarda ya yi asara da gangan har suka gaji, suka sayar masa da kadarorinsu a 1884. Lokacin ya yi masa daidai, domin a watan Nuwamba na shekarar aka buɗe taron Barlin, inda wakilan Birtaniya suka kafa hujja da cewa babu wata tutar Turai a ƙasan Kwara sai tasu. Taron ya amince Birtaniya ta kula da wannan ɓangare na kogin, bisa sharaɗin a bar jiragen kowace ƙasa su yi zirga-zirga.

4.0 Yarjeniyoyin Sakkwato da Gwandu

Da Goldie ya ji cewa Bajamushe Eduard Flegel na shirin zuwa arewa, sai ya tura Joseph Thomson ya riga shi. A 1885 Thomson ya isa fadar Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, ya kuma je wa Sarkin Gwandu Maliki, ya dawo da takardu biyu. Bisa rubutun Ingilishi, sarakunan sun miƙa wa kamfanin haƙƙoƙinsu a kan gaɓoɓin Kwara da Binuwai, tare da ba shi damar ciniki shi kaɗai, shi kuma zai riƙa biyan su wani adadi na wuri duk shekara.

A nan ne fahimta ta rabu. A tsarin Daular Sakkwato, baƙon da ba Musulmi ba yana iya samun amana ya yi fatauci, ya kuma riƙa kai gaisuwa ga mai ƙasa. Kuɗin shekara-shekara da kamfanin ke aikawa ya fi kama da irin wannan gaisuwa a idon fada. A Landan kuwa an gabatar da shi a matsayin diyyar ikon da aka sallama. Halin da aka ci gaba da kasancewa a ciki ya goyi bayan fahimtar fada: kamfanin bai naɗa sarki ko alƙali ba a ƙasar Hausa, bai karɓi haraji a Kano ko Zazzau ko Katsina ba, kuma ko a Yola, Lamiɗo ya daɗe yana tilasta masa yin ciniki daga cikin jirgin da ke tsaye a ruwa.

5.0 Kamfani Mai Riƙe da Mulki

Ranar 10 ga Yuli, 1886, gwamnatin Birtaniya ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya koma Royal Niger Company. Lord Aberdare ne gwamnan kamfanin, Goldie mataimakinsa, ko da yake a hannun mataimakin ragama take, har ya gaji kujerar a 1895. An ba shi lambar girma ta Sir a 1887. Kamfanin ya kafa hedikwatar mulki da kotu a Asaba, tashar jiragen ruwa a Akasa, da barikin soja a Lakwaja. Da yawa daga cikin sojojinsa Hausawa ne.

Takardar izinin ta haramta babakere a fili, amma ta ba kamfanin damar karɓar kuɗin fito da na lasisi don gudanar da mulki. Goldie ya yi amfani da wannan kafa. Duk wani ɗan kasuwa daga waje sai ya biya lasisi mai tsada, ya tsaya a tashoshin da aka ƙayyade, ya biya fito a kan abin da ya shigo da shi da abin da zai fitar. Kuɗin kuwa aljihun abokin gogayyarsa suke shiga. Ta haka aka toshe kogin da taron Barlin ya ce a buɗe. 'Yan kasuwar Liverpool da na Legas da Jamusawa duk sun yi ta kai ƙara.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne mutanen Nembe, da ake kira Brass. Iyakar da aka shata ta bar su a wajen yankin kamfanin, don haka aka ɗauke su baƙi a kasuwannin da kakanninsu suka saba ci, fataucinsu ya koma fasa-ƙwauri a idon doka. Ranar 29 ga Janairu, 1895, Sarki Koko ya jagoranci mayaƙansa cikin kwale-kwale suka afka wa Akasa, suka lalata ma'ajiyoyi, suka kashe ma'aikata, suka tafi da fursunoni. Sojojin ruwan Birtaniya sun rama a kan Nembe, amma binciken da Sir John Kirk ya gudanar ya tabbatar da cewa koke-koken mutanen suna da tushe. Daga nan kimar kamfanin ta fara zubewa a Ingila.

6.0 Gogayya da Faransa da Raba Ƙasar Hausa

A watan Agusta na 1890 Birtaniya da Faransa suka amince da wani layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da yake mallakar Sakkwato ya faɗa ɓangaren kamfanin. Takardun Thomson ne ginshiƙin wannan rabo. Ba da jimawa ba hafsan Faransa Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano da Kukawa tsakanin 1891 da 1892, ya ga babu wata alamar mulkin kamfanin, Faransawa suka gane an yi musu wayo. Wani hafsan, Mizon, ya shiga Binuwai ya ƙulla ƙawance da Sarkin Muri. A 1894 Goldie ya ɗauki Lugga aiki, ya tura shi Borgu ya riga Faransawa isa Nikki, wanda shi ne zuwan Lugga na farko wannan yanki.

Don ya nuna cewa ikonsa ya wuce takarda, Goldie ya fita da kansa a Janairun 1897 da sojoji kimanin ɗari biyar, da igwa da bindigogin Maxim. Dawakin Nupe masu yawa sun kasa karya sahunsu, Bida ta faɗi, Etsu Abubakar ya fice, aka ɗora Makun Muhammadu. A watan Fabrairu aka ci Ilori. A watan Yuni ya shelanta soke matsayin bauta a dokar yankin kamfanin, abin da ya jawo masa yabo a Ingila. Sai dai kamfanin ba shi da ƙarfin zama a inda ya ci. Da sojojinsa suka janye, Etsu Abubakar ya koma gadonsa. Abin da yaƙin ya bari shi ne ɓacin dangantaka da Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya ga masu kawo gaisuwa sun ɗaga makami a kan masarautun daula.

Sakataren Mulkin Mallaka Joseph Chamberlain ya ga cewa kamfani ba zai iya tsayawa gaban sojojin Faransa ba, ya kafa rundunar gwamnati a ƙarƙashin Lugga a 1897. Yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898, ta kashe rikicin Borgu, ta kuma zana da'ira mai nisan mil ɗari kewaye da Sakkwato. Gyare-gyaren 1904 da 1906 suka kammala iyakar da ta bar Maraɗi da Tasawa da Damagaram da Ƙonni a hannun Faransa, Katsina da Daura da Sakkwato a hannun Birtaniya.

7.0 Ƙarshen Mulkin Kamfani da Sauran Rayuwarsa

Ranar 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar kamfanin a Lakwaja. Gwamnati ta biya fam 865,000, ta kuma amince kamfanin ya riƙa karɓar rabin kuɗin haƙar ma'adinai a wani babban yanki na arewa har shekara 99, sharaɗin da ya yi riba da aka fara haƙar kuza a Jos. Kamfanin ya ci gaba da ciniki, Lever Brothers suka saye shi a 1920, a 1929 kuma ya shiga haɗakar da ta haifi U.A.C., wanda manoman gyaɗa suka sani sarai.

Goldie bai sake riƙe wani iko a Nijeriya ba. Ya zauna a hukumar binciken yaƙin Afirka ta Kudu, ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Birtaniya daga 1905 zuwa 1908, ya kuma yi shekaru a majalisar birnin Landan. Ya rasu a Landan ranar 20 ga Agusta, 1925, yana da shekara 79.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Na farko, yana cikin jagororin ƙungiyar Hausa Association da aka kafa a Landan a farkon shekarun 1890, wadda ta ɗauki nauyin tafiyar Charles Robinson zuwa Kano, tafiyar da ta haifar da ƙamusunsa da koyar da Hausa a Jami'ar Cambridge. Na biyu, a gabatarwar da ya rubuta wa littafin hafsa Vandeleur a 1898, ya bayyana ra'ayin a mulki ƙasa ta hannun sarakunanta, ra'ayin da Lugga ya mayar da shi tsarin gwamnati.

8.0 Kammalawa

Rayuwar Goldie ta nuna yadda neman kare riba ya rikiɗe ya zama mulki. Ya haɗa kamfanoni don ya karya farashi, ya nemi izinin gwamnati don ya kore abokan gogayya, ya tara yarjeniyoyi don ya gamsar da Turai, daga bisani ya ɗauki bindiga don ya kare abin da yarjeniyoyin suka faɗa. Gwamnatin Birtaniya ta bar shi ya yi mata gadin kogin da kuɗin masu hannun jari har lokacin da ta shirya karɓa. Mutanen Nembe sun rasa kasuwarsu, Nupe da Ilori sun rasa 'yancinsu, ƙasar Hausa kuma an raba ta a teburin shawara bisa wasu takardu da ɓangarorin biyu suka fahimta daban. Kwatanta nassin Larabci da na Ingilishi na wasiƙu da yarjeniyoyin wancan zamani, tare da bin sawun kalmomin ciniki da na bariki da Hausa ta ara a Lakwaja, fage ne da ya cancanci kulawar manazarta.