Oumarou Ganda: Ɗan dakon da ya fara lashe babbar kyautar fim ta Afirka

Wanda ya shiga jirgin ruwa a Yawuri ya bi Kogin Kwara sama, zai ratsa ta Gaya ya ɓulla Yamai. A wannan birni aka haifi Oumarou Ganda a 1935. Bazabarme ne, kuma karatunsa bai wuce na firamare ba.

Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa. Aka tura shi yaƙin Indocina, yankin da ya haɗa da Biyetnam ta yau, inda Faransa ke fafutukar riƙe mulkin mallakarta. Da aka sallame shi a 1955 ya dawo gida bai samu aiki ba. Sai ya bi sahun samarin Nijar masu tafiya cirani, ya sauka a Abidjan, ya kama dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai nazarin al'adu. Wannan Bature ya san kogin nan sarai. Tsakanin 1946 da 1947, tun ba a yi mafarkin madatsar Kainji ba, ya bi shi a kwalekwale daga mafarinsa har teku, kuma fim ɗinsa na farko a kan Sarkawa masu farautar dorina ne, dangin Sarkawan da ke su a Yawuri har gobe.

Rouch ya ɗauki Ganda aikin tattara alƙaluma a kan 'yan cirani, daga baya ya sa shi jarumin fim ɗinsa na 1958, Moi, un Noir, wato Ni Baƙar Fata. Ganda ya fito da laƙabin Edward G. Robinson, sunan wani tauraron Amurka, amma rayuwar da aka nuna tasa ce: dako, yunwa, da mafarkin zama ɗan dambe. A ƙarshen fim ɗin yana tafe a bakin ruwa yana ba wani yaro labarin yaƙi, yana kwatanta harbi da kwanciyar ɓuya. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, masu shirya fim irin su Jean-Luc Godard suka yi ta yabonsa.

Sai dai murya ta Ganda ce, kyamara da almakashin tacewa kuma na Rouch ne. Shi ke yanke abin da zai shiga da abin da za a zubar, sunansa ne kuma a saman allo.

Ganda ya koma Yamai ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi aikin kyamara da tacewa. Da aka yi gasar rubuta labarin fim a 1968, sai ya sake ɗauko labarin yaƙin nan, wannan karon da hannunsa. Abin da ya fito shi ne Cabascabo, fim na kimanin minti 45, mara launi, da harshen Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne kuma jarumin.

Labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗin sallama a aljihu. Abokai da mata suka yi masa caa, ana kirari ana ci. Da kuɗi suka ƙare kowa ya watse, har neman aikin leburanci ya zame masa wulaƙanci. Abin lura shi ne Ganda bai wanke jaruminsa ba. Ya nuna zaluncin da aka yi wa sojan Afirka, ya kuma nuna wautar mutumin da kwaɗayin 'yan uwansa. Irin wannan magana ɗan gida ne kaɗai ke iya faɗinta a saurare shi.

A 1969 aka zaɓi Cabascabo a sashen masu sharhi na bikin fina-finai na Cannes. A wannan sashe ne, bayan shekara 18, aka nuna Ngati na Barry Barclay, ɗan ƙabilar Maori ta New Zealand, mutanen da su ma suka daɗe baƙi na ɗaukar hotonsu kafin kyamara ta shigo hannunsu.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou Polygame, ya taɓo inda ke da zafi. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan budurwar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kuɗi da matsayi suka yi aiki, kishi ya biyo baya, har aka yi asarar rai. Da wannan fim ya lashe Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara bayar da kyautar. Saïtane, da ya biyo baya, ya caccaki malamin tsibbu mai fakewa da addini yana yi wa mai kuɗi kawalci. Jaruma Zalika Souley ta fito a duka ukun.

Ya yi waɗannan fina-finai ne a ƙasar da ba ta da ɗakin wanke fim, sai an kai Turai, gidajen silima kuma fina-finan Indiya da na kaboyi suka fi nunawa. Shi ya sa bayan Saïtane sai a 1980 ya sake fitar da babban fim, L'Exilé, wanda ya gina a kan tatsuniya game da cika alkawari.

Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981, yana da shekara 45, shekara tara kafin Turmin Danya ya buɗe kasuwar fim ɗin Hausa a Kano. Babbar cibiyar al'adu ta Yamai na ɗauke da sunansa. FESPACO ma ta ware kyautar Oumarou Ganda, wadda ake bai wa daraktan da ya fi kowa a cikin masu kawo dogon fim ɗinsu na farko.