J. Edgar Hoover: akawun laburaren da ya buɗe wa Amurkawa fayil

Duk sanda aka tada maganar leƙen asiri a waya, akwai amsar da nake yawan ji a bakin abokaina, ƙila kai ma ka taɓa bayar da ita: wai tunda ba ka da abin ɓoyewa, kowa ma ya leƙa. Kafin ka sake faɗar haka, ba ni minti biyar in ba ka tarihin wani mutum da ya mutu fiye da shekara hamsin da suka wuce. Bai taɓa riƙe wayar salula ba, amma rayuwarsa ta nuna abin da hukuma kan iya yi da bayanan mutanen da ba su aikata laifin komai ba.

An haifi John Edgar Hoover ranar 1 ga Janairu, 1895 a birnin Washington. Yana ɗan shekara 18 ya samu ɗan ƙaramin aiki a laburaren majalisar dokokin Amurka. Da rana aiki, da dare karatun lauya a Jami'ar George Washington. A laburaren nan ya ga yadda ake jera kati: kowane littafi da katinsa, kowane kati da lambarsa, ta yadda cikin 'yan mintuna za a zaƙulo littafi ɗaya daga cikin fiye da miliyan.

A 1917 ya shiga Ma'aikatar Shari'a. Bayan shekara biyu aka yi ta tayar da bama-bamai a biranen Amurka, har da ƙofar gidan Antoni-Janar Mitchell Palmer. Mutane suka firgita, gwamnati ta buɗe sabon sashe na sa ido kan masu tsattsauran ra'ayi, aka damƙa shi a hannun Hoover yana ɗan shekara 24. To sai ya yi wa mutane abin da ake yi wa littattafai. Sunanka, ƙungiyarka, jaridar da kake karantawa, taron da aka gan ka a ciki, duk a kan kati. Kafin wani lokaci katunan sun kai ɗaruruwan dubbai. A watan Janairun 1920 aka kai samame a birane sama da talatin, aka kama dubban mutane, da yawansu babu ko takardar izinin kamu. Daga baya aka saki mafi yawansu.

A 1924, yana da shekara 29, aka naɗa shi shugaban hukumar bincike ta tarayya, wadda ta koma FBI a 1935. Mu yi masa adalci, ya gyara hukumar. Ya tattara hotunan yatsu wuri guda, ya kafa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a 1932, ya sa aka riƙa horar da jami'ai. Amma fa ya zauna a kujerar nan shekara 48, ya yi aiki ƙarƙashin shugabannin ƙasa takwas. Ko da ya kai shekarun ritaya, Shugaba Lyndon Johnson ɗage masa dokar ya yi. 'Yan siyasa da dama na shakkarsa, don ba wanda ya san me ke cikin fayil ɗinsa.

A 1956 ya ƙaddamar da wani shiri na sirri mai suna COINTELPRO. Da 'yan gurguzu aka fara, sannan aka faɗaɗa zuwa masu fafutukar 'yancin baƙar fata da ɗalibai masu adawa da yaƙin Vietnam. Aikin ya wuce sauraro. Ana cusa 'yan leƙen asiri cikin ƙungiyoyi, ana aika wasiƙun ƙarya don haddasa rigima tsakanin abokai, ana neman a raba mutum da aikinsa ko da matarsa.

Ka dubi abin da ya samu Martin Luther King. A watan Oktoban 1963 Antoni-Janar Robert Kennedy ya ba da izinin a saurari wayoyinsa, bisa zargin 'yan gurguzu na juya shi. Daga nan jami'an Hoover suka koma dasa na'urorin naɗar murya a ɗakunan otal ɗin da yake sauka. Ba su samu shaidar cewa shi ɗan gurguzu ba ne. Sirrin rayuwarsa suka samu, kuma da shi suka yi amfani. A watan Nuwamban 1964, ana dab da miƙa masa kyautar zaman lafiya ta Nobel, aka aika masa kaset tare da wasiƙar da ba suna, wadda shi da na kusa da shi suka fahimci ana nufin ya kashe kansa ne.

Ka lura da kyau. An shiga ne da sunan tsaron ƙasa, aka ƙare da neman tozarta mutum da abin da bai shafi tsaro ba ko kaɗan.

Ka san yadda asiri ya tonu? Daren 8 ga Maris, 1971, hankalin duniya na kan damben Muhammad Ali da Joe Frazier, wasu mutum takwas suka fasa wani ƙaramin ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania. Suka kwashe takardu sama da dubu, suka riƙa aika wa jaridu. Washington Post ce ta fara bugawa. Ba a taɓa kama su ba, sai a 2014 wasunsu suka bayyana kansu. Makonni kaɗan bayan fashin Hoover ya rufe COINTELPRO.

Ya mutu ranar 2 ga Mayu, 1972 yana kan kujerarsa. Sakatariyarsa Helen Gandy, wadda ta yi masa aiki sama da shekara hamsin, ta shafe makonni tana lalata takardun da ta ce na kansa ne. A 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya binciki hukumomin leƙen asiri, ya gano hedkwatar FBI kaɗai na da fayil sama da 500,000 a kan mutane da ƙungiyoyin cikin gida. Aka taƙaita wa'adin shugaban FBI zuwa shekara goma, a 1978 kuma aka kafa kotu ta musamman mai ba da izinin irin wannan sauraro. Duk da haka, a 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa hukumar NSA na tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa, kuma da sa hannun wannan kotun.

Yanzu dawo kan wayar da ke hannunka. Abin da Hoover ya buƙaci dubban ma'aikata da akwatunan kati kafin ya haɗa, wayarka na rubuta shi kullum: inda ka kwana, wanda ka kira, guruf ɗin da kake ciki, abin da ka bincika da ƙarfe biyun dare. A Najeriya layinka ma haɗe yake da lambarka ta NIN. Ban ce kada jami'an tsaro su bi sawun masu garkuwa da mutane ba, wallahi duk muna son a kama su. Amma bayanin da aka adana ba ya tsufa, kuma wanda ke riƙe da shi gobe ba lallai ne ya zama wanda ka yarda da shi yau ba.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da hirarka ta waya, sannan akwai dokar kare bayanai ta 2023. Ka neme su ka karanta. Ka shiga saitin wayarka yau ka duba manhajoji nawa ka bar wa makirfo da kamara da wurin da kake a buɗe, ka rufe wanda ba dole ba. Idan kuma aka zo da sabuwar dokar sa ido, ka tambayi wakilinka abu uku: wa zai tattara bayanan, wane alƙali zai ba da izini, kuma yaushe za a goge su.