Beau Brummell

George Bryan Brummell (an haife shi ranar 7 ga watan Yuni 1778, ya mutu ranar 30 ga watan Maris 1840), wanda aka fi sani da Beau Brummell, ɗan ƙasar Ingila ne da ya sauya salon suturar maza a Turai, daga ado mai ƙyale-ƙyale zuwa tufafi marasa kwalliya, masu nagarta da tsafta.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Landan. Mahaifinsa William Brummell ya yi wa Firaminista Lord North aikin sakatare. Ya yi karatu a makarantar Eton, ya ɗan taɓa zama a Jami'ar Oxford, sannan a shekarar 1794 ya shiga rundunar sojan doki ta Yarima George mai jiran gado. A nan suka ƙulla abota, wadda ta buɗe masa ƙofofin manyan Landan.

Salon sutura

A wancan zamani masu hali suna saka siliki mai launi-launi da surfani, suna barbaɗa hoda a gashi. Brummell ya yi watsi da waɗannan. Ya zaɓi kwat mai launin shuɗi mai duhu, da falmaran, da dogon wando, da farar riga, da farin ƙyallen wuya da aka sa wa sitaci. A wurinsa darajar tufa tana cikin kyan yadi da ɗinkin da ya dace da jiki. Ya kuma riƙi wanka da aski kullum, abin da bai zama ruwan dare ba a lokacin. Masana tarihin sutura suna danganta tushen kwat da wando na zamani da wannan salo.

Bashi da mutuwa

Sai dai sauƙin da ya nuna a sutura bai kai aljihunsa ba. Caca ta cinye gadonsa, ya kuma ɓata da Yarima. A shekarar 1816 ya tsere wa masu bin sa bashi zuwa garin Calais na ƙasar Faransa. A 1830 aka naɗa shi ƙaramin jakadan Birtaniya a Caen, amma bayan shekara biyu aka soke muƙamin, kuma a 1835 aka ɗaure shi saboda bashi. Ya mutu cikin talauci da taɓin hankali a asibitin Bon Sauveur da ke Caen.

Tunawa

A shekarar 2002 aka kafa mutum-mutuminsa a titin Jermyn na Landan, titin da ya shahara da masu ɗinkin rigunan maza.