Marigayi Akhtar Hamid Khan: Mutumin Da Ya Ajiye Mulki Ya Koma Horar Da Shugabannin Talakawa

Duk inda masana suka zauna zancen raya karkara da unguwannin talakawa a ƙarni na 20, ba a rasa ambaton marigayi Dokta Akhtar Hamid Khan na ƙasar Pakistan. Shi dai bai taɓa riƙe shugabancin ƙasa ba, bai kuma tara dukiya ba. Abin da ya bari shi ne wata hanya ta aiki, watau a bar mutanen wuri su zaɓi wani daga cikinsu, sa'an nan a riƙa zama da shi a kai a kai, ana koya masa, ana kuma sauraronsa, har ya iya jan ragamar jama'arsa da kansa. Ya gwada wannan hanya sau biyu, da farko a cikin manoman shinkafa na Komila, daga baya kuma a cikin talakawan birnin Karaci.

Asalinsa Da Karatunsa

An haife shi a birnin Agra na ƙasar Indiya ran 15 ga watan Yuli, 1914, zamanin da ƙasar take hannun Turawan Ingila. Bayan ya gama karatu a Agra, a 1936 ya sami shiga aikin mulki na Indiya, wanda a lokacin babu aikin da ya fi shi daraja ga ɗan ƙasa. Matsayin masu wannan aiki ya yi kama da na D.O. da Razdan da aka sani a nan ƙasar. Aka tura shi Jami'ar Kambirij a Ingila don ƙarin ilmi, da ya komo kuma aka kai shi yankin Bengal.

Yana can ne aka yi babbar yunwar nan ta Bengal a 1943, wadda ta halaka mutum tsakanin miliyan 2 zuwa 3. Ya ga yadda gwamnati mai ofisoshi da dokoki da ma'aikata ta kasa ceton talakan da take mulka, ya kuma lura cewa mai mulki yana iya shekara da shekaru a wuri bai san halin da mutanensa suke ciki ba. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Bayan ɗan lokaci sai ya ajiye aikin, ya koma wani ƙauye kusa da Aligar, inda ya yi wajen shekara 2 yana aikin lebura da ƙirar kwado. A 1947 ya kama koyarwa a makarantar Jami'a Milliya ta Delhi, a 1950 kuma ya yi ƙaura zuwa Pakistan, aka ba shi shugabancin Kwalejin Victoria a garin Komila. Garin yana Gabashin Pakistan ne a lokacin, watau ƙasar da ta zama Bangladesh a 1971.

Aikin Komila

A 1959, bayan ya komo daga Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, aka buɗe Makarantar Raya Karkara a Komila, shi ne kuma shugabanta na farko. An kafa ta ne don horar da ma'aikatan gwamnati, amma shi ya ga horon da aka yi shi a cikin aji kawai ba zai amfana kowa ba. Saboda haka ya nemi a ba makarantar gundumar da ke kewaye da ita, mai faɗin kimanin murabba'in mil 100, ta zama filin gwaji.

Kafin wannan lokaci, al'adar gwamnati ita ce ta ɗauki saurayi mai takardar shaida, ta tura shi ƙauye ya koya wa manoma. Sau da yawa mutanen ƙauye ba su yarda da shi, don baƙo ne, kuma kafin ya san wurin an canja masa wurin aiki. Akhtar Hamid Khan ya juya abin. Ƙananan manoman kowane ƙauye suka kafa ƙungiyar gama kai, suna taro kowane mako, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu a asusu. Kowace ƙungiya ta zaɓi manaja daga cikinta, ta kuma zaɓi manomi guda wanda zai fara gwada sabon abu a gonarsa. Waɗannan mutane su ne suke zuwa cibiyar horo ta gunduma kowane mako, su zauna da malaman gona da sauran ma'aikata, su faɗi matsalar ƙauyensu, su koyi abu guda, su koma su koya wa 'yan'uwansu a wurin taro. Mako mai zuwa kuma su komo da labarin abin da ya yiwu da wanda ya ƙi.

Hikimar da ke ciki a fili take. Ma'aikaci ya zama malami, ya daina zama mai ba da umurni, horon kuma bai da ranar ƙarewa. Wanda aka horar ba za a canja masa gari ba, don a nan gonarsa da iyalinsa suke, in kuwa ya ci amana, maƙwabtansa ne za su tuhume shi. Ƙungiyoyin ƙauyuka suka haɗu a ƙarƙashin babbar ƙungiya ta gunduma, wadda take ba da rance da hayar injunan ban ruwa don noman shinkafa da rani. Ta haka manomi ya fara samun mafita daga hannun masu ba da bashi da ruwa. An kuma shirya aikin gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da rani, aka horar da ungozomai da matan ƙauye kan kiwon lafiya.

Cikin mutanen da suka tashi a wannan tsari akwai Muhammad Yasin, mai sayar da shayi a wani ƙauye kusa da Komila. A 1960 ya haɗa kai da 'yan mutane kaɗan masu tuƙa keken ɗaukar fasinja, kowa yana ajiye kuɗin kofin shayi guda a rana. Ƙungiyarsu mai suna Didar ta bunƙasa har direbobin suka mallaki kekunansu, shi kuma Yasin ya sami lambar yabo ta Magsaysay ta ƙasar Filifin a 1988, irin wadda Akhtar Hamid Khan ya samu tun a 1963.

Sai dai kuma aikin Komila bai tafi ba tare da cikas ba. Sa'ad da gwamnati ta ɗauki tsarin ta baza shi ko'ina cikin ƙasa a gaggauce, sai aka yi ta kafa ƙungiyoyi don neman rance kawai. Taron mako da horon mako suka yi rauni, manyan manoma suka mamaye shugabanci a wurare da yawa, bashi kuma ya taru ba a biya ba. An kwaikwayi tsarin, an bar haƙurin da ya gina shi. Marigayin ya ga wannan da idonsa, ya kuma riƙe darasin.

Aikin Orangi

Bayan yaƙin 1971 ya zauna a Pakistan ta yanzu, ya kuma yi wasu shekaru yana koyarwa a Mishigan. A 1980, yana da shekara fiye da 65, ya fara sabon aiki a Orangi, wata ƙatuwar unguwa a bakin Karaci wadda talakawa suka gina da kansu ba tare da tsarin hukuma ba. Gidauniyar bankin BCCI ce ta ɗauki nauyin ofishinsa. Bai zo da shiri a rubuce ba. Ya yi watanni yana yawo cikin layukan unguwar yana tambaya yana saurare, har ya tabbata cewa babban abin da ya dame su shi ne ƙazanta. Masai na bokiti ne ko na rami, ruwan kwata yana kwance a ƙofar gidaje, zawo da zazzaɓi suna cin yara da kuɗin iyayensu.

Mutanen suna jiran hukuma ta shimfiɗa musu bututun ƙazanta kyauta, hukuma kuwa ta ce ba ta da kuɗi. Da shi da masu taimakonsa, cikinsu har da masanin gine-gine Arif Hasan, suka bincika, suka gano cewa yawancin tsadar daga ribar 'yan kwangila take da kuma tsarin gini mai nauyi fiye da bukata. Suka sauƙaƙa tsarin har kuɗin ya sauko zuwa kimanin rupi 1,000 a kan kowane gida.

Sa'an nan ya koma ga tsohuwar hanyarsa, amma a wannan karo ya ƙanƙanta ta. Layi guda mai gida 20 zuwa 40 shi ne ƙungiya, don a nan kowa ya san kowa. Mutanen layi su zaɓi manajansu, shi ne zai tara kuɗi, ya sayi kaya, ya shirya aiki, ya kuma ba da lissafi. Ofishin Akhtar Hamid Khan yana auna ƙasa, ya zana taswira, ya ƙiyasta kuɗi, ya ba da aron kayan aiki, ya horar da birkiloli da samarin unguwa. Amma bai ba da tallafin kuɗin gini ba, bai kuma riƙe ko kwabo na mutanen layi ba. Masu zagawa suna wayar da kan jama'a ma daga cikin mazaunan Orangi aka ɗauke su. Da layi ɗaya ya gama, maƙwabta suka ga ƙofar gida ta bushe, sai su ma suka zo neman a auna musu. Kafin rasuwarsa, mafi yawan layukan Orangi sun shimfiɗa bututunsu da kuɗin aljihunsu.

Bai ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. Rabon da ya tsara shi ne masai na cikin gida da bututun layi na jama'a ne, manyan bututu da wurin tace ƙazanta kuwa na hukuma ne. Inda hukuma ta yi jinkiri, ƙazantar ta ci gaba da kwarara cikin rafukan unguwar, wanda ya nuna iyakar abin da taimakon kai da kai zai iya yi shi kaɗai.

Rasuwarsa Da Abin Da Ya Bari

Ya rasu ran 9 ga watan Oktoba, 1999, a ƙasar Amurka inda ya je ziyarar iyalinsa, yana da shekara 85, aka kawo gawarsa Karaci. Almajirinsa Shu'aibu Sultan Khan ya kai irin wannan hanya ƙauyukan duwatsun arewacin Pakistan tun daga 1982 a ƙarƙashin shirin raya karkara na Aga Khan, daga baya har zuwa jihar Andhra Pradesh ta Indiya. An kuma kwaikwayi aikin Orangi a wasu garuruwan Pakistan, kamar Faisalabad.

Wanda ya dubi Komila da Orangi tare zai ga cewa kuɗi da injuna ba su ne suka raba nasara da faɗuwa ba. Inda aka ci gaba da zama da zaɓaɓɓen mutumin ƙauye ko na layi mako bayan mako, aikin ya tsaya da ƙafarsa. Inda aka zuba kuɗi aka daina zaman, aikin ya lalace. Allah ya jiƙansa da rahama.