MALAM ABDULLAHIN GWANDU: WAZIRIN DA YA FIFITA GASKIYA A KAN SARAUTA

Daga Wakilinmu na Arewa

A cikin manyan mutanen da suka kafa Daular Usmaniyya akwai mutum uku waɗanda sunayensu ba su ɓuya ga kowa ba, watau Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Malam Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. Shehu shi ne jagoran Jama'a, Bello kuwa shi ya gina birnin Sakkwato, ya kuma riƙi mulki shekara 20. Amma Malam Abdullahi, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, shi ne wanda ya kamata kowane alƙali, da ma'aikacin gwamnati, da ɗan kasuwa, da duk mai riƙe da amanar mutane ya zauna ya yi nazarin tarihinsa. Dalili kuwa shi ne, sau da dama a rayuwarsa ya iske kansa a mararraba, ga gaskiya a gefe guda, ga zumunci da muƙami a ɗaya gefen, kuma tilas ya zaɓi hanyar da zai bi. Yadda ya yi wannan zaɓi shi ne abin da za mu duba a filinmu na yau.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, a gidan malamai na Fulani Torankawa. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, kuma Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun wansa. Daga nan Shehu ya zama masa wa, kuma uba, kuma malami. Ya kuma yi karatu wurin waɗansu malaman, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda ya karantar da Shehu kansa. Ya ƙware ƙwarai a nahawu da fiƙihu da tafsiri da tsara waƙar Larabci, har ya zama duk sa'ad da aka ƙalubalanci Jama'a da alƙalami, shi ake miƙa wa amsa.

Wani abu da ya faru a lokacin da suke yawon wa'azi a ƙasar Zamfara ya nuna irin ma'aunin da yake auna al'amura da shi tun yana saurayi. Wani malami daga Barno, mai suna Mustafa Goni, ya aiko wa Shehu da waƙa yana sukarsa saboda ya bar mata suna zuwa wurin wa'azinsa. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba da amsa. Abdullahi ya bayyana cewa ba a cakuɗa maza da mata a majalisin Shehu, sa'an nan ya ƙara da cewa ko da akwai wata illa a fitowar matan, illar barinsu cikin jahilci, ba su san abin da Allah Ya ɗora musu ba, ita ta fi girma. In kuwa mutum ya rasa makawa tsakanin ɓarna biyu, to, wajibi ne ya ɗauki ƙaramar domin ya kauce wa babbar. Masu karatu su riƙe wannan ƙa'ida, gama za mu sake cin karo da ita a gaba.

WAZIRI KUMA JAGORAN YAƘI

Sa'ad da zama ya gagara tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can aka yi masa mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, kuma Malam Abdullahi shi ne ya fara miƙa hannu. Shi ne wazirin Shehu, shi ne kuma ya jagoranci rundunar da ta karya Gobirawa a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara. A 1805 yana gaban rundunar da ta ci Birnin Kabi. Saboda haka babu mai iya cewa matsoraci ne, ko kuwa malamin zaure ne wanda bai san zafin fagen fama ba.

To, amma da nasara ta fara samuwa sai rundunar ta cika da mutane iri iri. Almajiran Shehu na farko, waɗanda suka sha karatu a Ɗagel, da yawansu sun yi shahada, musamman a yaƙin Tsuntsuwa inda aka yi hasarar mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Waɗanda suka maye gurbinsu kuwa da dama ganima ce ta kawo su. A kan hanyar zuwa yaƙin Alwasa, cikin 1805, mayaƙa suka afka wa garin Kwalde suka washe shi, alhali kuwa mutanensa suna zaman amana da Jama'a. Abdullahi da Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba. Wannan abu ya tsaya wa Malam Abdullahi a rai. An fito ne domin a kau da zalunci, ga shi kuma ana aikata zaluncin a ƙarƙashin tutar da shi kansa yake riƙe da ita.

DAREN DA YA BAR RUNDUNA

A shekara ta huɗu bayan hijira, wajen 1807, an ɗaura yaƙi za a tafi Alkalawa, babban birnin Gobir. Malam Abdullahi ya fita tare da runduna, amma zuciyarsa ba ta tare da su. Abin da yake gani ya ishe shi: mutane sun koma neman muƙami da tara dukiya da ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, ana karɓar toshi, ana kaɗe-kaɗe da bushe-bushe a ƙofar manya kamar yadda ake yi wa sarakunan da aka yaƙa.

Hanya uku ce a gabansa. Yana iya yin shiru ya ci gaba da zama waziri, a riƙa kawo masa rabonsa. Yana iya tara masu ra'ayinsa ya ja daga da sauran, Jama'a ta rabu biyu alhali abokan gaba suna nan da ƙarfinsu. Ko kuwa ya tsame hannunsa ya bar musu. Ta farko cin amanar iliminsa ce, ta biyu kuma za ta zubar da jinin 'yan'uwa. Sai ya ɗauki ta uku. Ya sulale da dare tare da abokai biyar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Suka yi kwana uku cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, har Allah Ya kai su inda mutane suke, daga bisani suka isa Kano.

A lura, mutumin nan shi ne na biyu a daula. Bai nemi a sallame shi da dawakai ko bayi ba, bai kuma ɗebi kome daga baitulmali ba. Abin da mutane suke kashe juna a kansa, shi ya juya masa baya ya shiga daji.

ABIN DA YA TARAR A KANO

A Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, ya tarar da irin cutar da ya gudo ya bari a baya. Jama'ar Kano suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Nan ma wani zaɓin ne. Da ya nace wa tafiyarsa, da ya tsira da kansa shi kaɗai, ya bar mutane masu neman gyara ba su da mai nuna musu hanya. Sai ya tsaya. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu littafin nan mai suna Liya'ul Hukkami, watau hasken mahukunta. Wa'azinsa ya kama su har suka farfasa kayan kiɗa, suka mai da kwarangwal ɗin ganguna wurin zuba wa dawaki abinci. Bayan haka ya fasa tafiya gabas, ya koma wurin Shehu ya ci gaba da aikinsa. A 1808 aka ci Alkalawa.

Abin da ya koyar a littattafansa na mulki har yau bai tsufa ba. A wurinsa sarauta amana ce, ba gado ba ce da uba zai bar wa ɗa kamar gona. Ba a ba da muƙami ga wanda ya nace yana nema, ko don dangantaka, sai ga wanda ya fi cancanta. Kyautar da ake kai wa mai mulki saboda kujerarsa ba halalinsa ba ce. Kuma wajibi ne shugaba ya san abin da ma'aikacinsa ya mallaka kafin a naɗa shi, ya riƙa bincikensa, in aka ga dukiyar da ba a san asalinta ba a mayar da ita baitulmali. Wanda ya san yadda ake fama da batun bayyana kadarori a ƙasar nan zai gane cewa malamin nan ya hango nesa.

SAƁANINSA DA SHEHU

Wani abin mamaki shi ne, Malam Abdullahi bai ji nauyin saɓa wa Shehu a rubuce ba, duk da shi ya rene shi. Sun yi saɓani a kan abubuwa kamar kiran shugabanni da laƙabin sarauta irin na da, da sa tufafin ado ga masu mulki, da kaɗa tambura. Abdullahi ya tsananta, yana ganin ta wannan ƙofa ce mulkin zalunci zai komo. Shehu kuwa ya sassauta, yana ganin duk abin da malamai suka yi saɓani a kansa bai kamata a ƙuntata wa mutane ba, musamman ga daula sabuwa wadda take bukatar kwarjini da haɗin kai.

Ga hanyoyi biyu na yanke hukunci ke nan, kuma har gobe da su mutane suke aiki. Wani yana duban ƙa'ida, ya tsaya a kanta kome zai faru. Wani yana duban maslaha, watau abin da hukuncin zai haifar ga jama'a. Shehu da kansa, a littafinsa Najmul Ikhwani na 1812, ya nuna wa almajirai cewa ƙanensa ya fi mai da hankali ga kiyaye zahirin shari'a, ɗansa Bello ya fi mai da hankali ga sanin siyasar al'umma, ya kuma hore su da karanta littattafan dukansu biyu. Saɓanin bai taɓa zumuncinsu ba. A wannan shekara ma Shehu ya raba aikin daula biyu, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma, yankin da daga baya ya haɗa har da Nufe da Ilori a ƙarƙashin Gwandu.

ƘOFAR DA AKA RUFE MASA

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a watan Afrilu na 1817, sa'ad da Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a Sakkwato. Malam Abdullahi yana Boɗinga. Shi ne waziri, shi ne babba, kuma ba a tababa a kan iliminsa, don haka mutane da yawa sun ɗauka shi zai gaji Shehu. Da ya iso Sakkwato sai ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya ya nufi Gwandu.

Ba shakka abin ya yi masa ciwo, kuma shekaru suka wuce ba ya shiri da ɗan wansa. Ya rubuta littafi a kan sharuɗɗan shugabanci mai suna Sabilus Salama, ya faɗi ra'ayinsa a fili. Amma iyakarsa ke nan. Yana da mayaƙa, yana da rabin daula a hannunsa, kuma a lokacin tawaye ya ɓarke ta ko'ina, har Abdussalami, tsohon almajirin Shehu, ya ɗaga tuta a Ƙware. Da ya ga dama ya haɗa kai da masu tawaye, da Sakkwato ta shiga uku. Bai yi haka ba. Ƙa'idar nan ta Zamfara ita ya sake bi: haƙurin rasa abin da yake ganin ya cancanta ƙaramar ɓarna ce in an gwada da rushewar abin da aka zubar da jini aka gina.

Wajen 1820 mutanen Kalambaina, kusa da Gwandu, suka yi masa tawaye, ya kasa cin garin. Bello ya taso da runduna ya kawo masa gudunmawa, aka ci nasara. Bayan yaƙi suka haɗu kowa bisa dokinsa. Bello ya yi haramar sauka domin ya gai da baffansa, kamar yadda ladabi ya tanada. Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Sa'an nan ya tuɓe alkyabbarsa ya ba Giɗaɗo ɗan Laima, alamar ya sallama masa wazirci. Da wannan aka rufe ɓarakar, Sakkwato da Gwandu suka zauna lafiya da juna har zuwan Turawa a 1903.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga abin da ransa ya fi so, watau karantarwa da rubutu. Ya bar littattafai masu yawa. Akwai babban tafsirinsa Liya'ut Tawili wanda har yau malamai suke karantawa a watan azumi, da Tazyinul Waraƙati inda ya tara waƙoƙinsa da labarin jihadi, da Ida'un Nusuki inda ya lissafa malamansa. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, watau 1829, kuma a can kabarinsa yake.

Malam Abdullahi mutum ne, yana fushi, yana jin zafin abin da aka yi masa. Akwai ma masu ganin bai kyauta ba da ya bar runduna ana tsakiyar yaƙi. Amma ko su ba su ce ya yi haka don neman abin duniya ba. Da ya ga zamansa zai sa a ɗauka ya yarda da ɓarna, sai ya tashi. Da ya ga tafiyarsa za ta bar mutane cikin duhu, sai ya dawo. Da ya ga neman hakkinsa zai wargaza al'umma, sai ya haƙura. A duk ukun bai tambayi abin da zai samu ba.

Akawun da aka kawo wa takardar ƙarya ya sa hannu, da alƙalin da aka aiko wa da goro kafin ranar shari'a, da ɗan kasuwar da ya san mudunsa bai cika ba, da wanda aka tsallake aka ba na bayansa muƙami, kowannensu yana tsaye ne a irin mararrabar da wannan bawan Allah ya tsaya. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Ya ba shugabanninmu da mu kanmu ikon koyi da halinsa, amin.